Taɓarya uku a turmi ɗaya

Hausawa kan ce wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Dattijon da wannan rubutu ya shafa bai ma sayi tasa rariyar ba, kyauta aka ba shi ita, bisa sharaɗin ya kwashe ta kafin ƙarshen wata, in ba haka ba a miƙa ta ga masu sayen tsohon ƙarfe. Bafaranshe ne, ya ajiye aiki bayan shekaru fiye da 30 yana kula da na'urori masu ƙwaƙwalwa a wani ɗakin bincike. Abin da aka ba shi kuwa kwamfuta ce ta ƙarshen shekarun 1970: akwatunan ƙarfe guda uku, kowane ya kai tsayin mutum, da na'urar karanta faifai mai girman injin wanki, da tarin faya-fayai masu ɗauke da aikin da shi da abokansa suka yi a tsawon ƙuruciyarsu. Biyu daga cikin abokan nan sun rasu. Babu wata kwamfutar zamani da ke da bakin da za a sa mata irin waɗannan faya-fayai, saboda haka in tsohuwar na'urar ba ta tashi ba, aikin ya bi masu shi.

Sai da aka gama shigar da kayan cikin garejin gidansa, ƴan dako suka tafi, sannan ya ɗauki igiyar wutar ya daɗe yana dubanta. Kan igiyar yana da haƙora biyar: uku masu kawo wuta, ɗaya na komawa, ɗaya na ƙasa. Bangon garejin kuwa ba shi da komai sai irin kafar wutar da ake sa fitila da firji, mai layi ɗaya tak. Ya san da wannan matsala tun kafin ya amsa kyautar, amma sanin abu daban yake da tsayuwa a gabansa. Na'urar ta yi rayuwarta a ɗaki mai sanyi inda ake ba ta wuta mai layi uku, wadda masu gyaran wuta a Nijar ke kira tirifaze. Ga ta yau ta sauka baƙunta a gidan da ba a san komai ba sai monofaze.

Domin a gane girman abin, ya kamata mai karatu ya tuna da lugude. Idan mace ɗaya ke daka, taɓarya takan sauka, ta tashi, ta sake sauka, kuma tsakanin kowane bugu biyu akwai ɗan lokacin da turmi ke hutawa. Haka wutar gida take: tana tafiya tana dawowa sau 50 a cikin sakan guda, kuma sau 100 a cikin wannan sakan ƙarfinta yakan faɗi ƙasa warwas kafin ya sake tashi. Ido ba ya ganin haka, fitila ma ba ta damu ba. Amma idan mata uku suka kewaye turmi ɗaya suna lugude, kowace na sauke tata taɓaryar a kan kari, kafin ta farko ta ɗaga ta biyu ta sauko, kafin ta biyu ta ɗaga ta uku ta iso, to turmin ba ya samun hutu ko kaɗan. Wuta mai layi uku ke nan. Kowane layi yana bin ɗan'uwansa da tazarar sulusin zagaye, wato digiri 120, kuma idan aka haɗa ƙarfin ukun sai a samu abu guda mai ɗorewa, ba hawa ba sauka. Tsakanin kowane layi da wayar komawa ana samun bolt 220 zuwa 230, tsakanin layi da layi kuwa bolt 380 zuwa 400. Malamin lissafi zai gane a nan cewa an ruɓanya na farko ne da 1,73, wato tushen 3.

Akwai kuma abu na biyu da lugude ke koyarwa. Tun da masu dakan uku ne, bugun yana da hanyar da yake bi, daga wannan zuwa waccan zuwa ta ukun, yana kewaya turmin ta dama ko ta hagu. A cikin injin lantarki, wannan kewayen shi ne ke haifar da ƙarfin maganaɗisu mai juyawa, wanda ke jan sandar injin ta tashi da kanta ba tare da an tura ta ba. Idan aka musanya wayoyi biyu daga cikin ukun, sai kewayen ya juya, injin ma ya koma yana gudu da baya. Duk mai injin niƙa da ke aiki da kuran a Maraɗi ko Damagaram ya san wannan, ko da bai taɓa shiga ajin kimiyya ba. Layi ɗaya shi kaɗai ba shi da dama ba shi da hagu: in aka ba injin tirifaze irin wannan wuta, sai ya tsaya yana gurnani, yana zafi, har naɗin tagullarsa ya ƙone.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Nikola Tesla ya yi rajistar injunansa masu layuka da yawa a Amurka a 1888, Mikhail Dolivo-Dobrovolsky kuma ya ƙera injinsa mai layi uku a kamfanin AEG na Jamus a 1889. A 1891 aka jawo irin wannan wuta daga garin Lauffen zuwa birnin Frankfurt, tafiyar kilomita 175, abin da ya tabbatar wa duniya cewa ita ce ta dace da masana'antu. Tun daga nan aka yi rabo: manyan ma'aikatu su sami layuka uku, mafi yawan gidaje kuwa a ba kowane layi ɗaya daga cikin ukun da ke wucewa a bakin titi. Manyan kwamfutocin da aka ƙera daga shekarun 1950 zuwa na 1980 an ɗauke su a matsayin kayan masana'anta, ba kayan ɗaki ba. Cray-1, wadda aka fara girkawa a Los Alamos a 1976, tana shan kilowat 115. VAX-11/780 ta kamfanin DEC, wadda ta fito a 1977, ba ta kai ko kusa da haka ba, amma ita ma da layuka uku aka tsara ta.

Dattijon bai taɓa ko waya ɗaya ba a makonnin farko. Ya baje takardun zanen na'urar a kan teburin cin abinci, yana bin kowane layi da fensir, domin tambayar da ke gabansa ita ce: me ya sa wannan na'ura ke neman layuka uku? Amsar ba ɗaya ba ce ga kowace kwamfuta. Wasu suna neman su ne kawai don raba kaya: cikinsu cike yake da ƙananan akwatunan gyara wuta waɗanda kowane layi ɗaya yake sha, aka rarraba su kashi uku don kada nauyi ya taru a wuri guda. Wasu suna ɗauke da injuna na ainihi masu buƙatar kewayen nan, kamar masu juya faifai da manyan fankoki. Wasu kuma suna mayar da layukan uku gaba ɗaya zuwa wuta miƙaƙƙiya, irin ta batir, domin abin da ke fitowa daga layi uku ya fi santsi: kumburinsa sau 300 ne a sakan kuma ba ya taɓa faɗuwa ƙasa, alhali na layi ɗaya sau 100 ne kuma kowane karo sai ya dangana da sifiri. Da ya gama bincike sai ya tarar tasa na'urar ta haɗa biyun farko: akwatunan lissafin raba kaya kawai suke yi, amma injin faifan tirifaze ne na gaske.

Hanya mafi sauƙin faɗi ita ce ya nemi kamfanin wuta ya jawo masa layuka uku. Ya tambaya, ya ga kuɗin aikin, ya ga kuma cewa sai an sake rarraba wayoyin gidan gaba ɗaya, sai ya ajiye takardar. Kuɗin fansho ba su kai nan ba. Abin da ke hannunsa shi ne abin da akan ba gida mai layi ɗaya a Faransa in ya kai maƙura, wato kVA 12, kimanin amfiya 60, kuma a cikin wannan ne za a dafa abinci, a ɗuma ruwa, a kunna fitilu.

A nan ne wani maƙwabcinsa, mai kirki amma mai gaggawa, ya kawo shawarar da kowa ke kawowa: tun da akwatunan lissafin layi ɗaya kowane ke sha, a ɗaure wayoyin uku wuri guda a jona su da wutar gida, magana ta ƙare. Shawarar tana aiki, kuma a nan haɗarinta yake. A tsarin layi uku, abin da ke dawowa ta wayar komawa daga wani layi yana kashe wanda ke dawowa daga sauran biyun, tun da ba lokaci ɗaya suke tashi ba. Idan nauyin ya daidaita, kusan ba abin da ke bi ta cikinta, shi ya sa maƙera ba su ba ta kauri fiye da sauran ba. Amma da zarar an mayar da ukun layi ɗaya, sai su daina kashe juna su koma taruwa, wayar komawa ta ɗauki kaya ninki uku. Abin katse wuta da ke gadin kowane layi ba zai ga laifi ba, domin kowane layi bai wuce iyakarsa ba. Wayar ce za ta yi ta zafi shiru a cikin rigarta, a bayan akwatin da ba mai dubawa, har ranar da gareji zai kama. Dattijon ya yi wa maƙwabcin godiya, ya ce a bar shi ya yi tunani.

Game da injin faifan, hanyoyi huɗu ne masana suka sani. Ta farko, a sa kondansatar tsakanin wayar wuta da baki na uku na injin, don ta jinkirta wutar ta ƙago layin ƙarya. Ana kiran wannan da sunan Steinmetz, kuma akan ƙiyasta mikrofarad 70 ga kowane kilowat a kan bolt 230. Tana da arha, amma injin yakan rasa wani kashi na ƙarfinsa, tashinsa kuma ya yi rauni ƙwarai. Ta biyu, a samo wani babban injin tirifaze a bar shi yana juyawa ba kaya, shi kuma ya haifar da layi na ukun; tana da ƙarko, sai dai ƙara da rashin daidaito tsakanin layukan. Ta uku, a haɗa injin monofaze da janareta mai layi uku a kan sanda ɗaya, wanda shi ne ke ba da wuta mafi tsabta, kuma irin abin da manyan kwamfutoci suka saba da shi ne, domin Cray-1 kanta ta irin wannan hanya ake ba ta wuta mai bugu 400 a sakan. Amma nauyi da tsada sun hana. Ta huɗu ita ce ƙaramin akwatin zamani mai sauya saurin inji, wanda ke miƙar da wutar gida sannan ya sassare ta gunduwa-gunduwa, sau dubbai a sakan, ya fitar da layuka uku. Injin juyawa yana haƙuri da wannan sassararriyar wuta, amma tsofaffin taransifoma da allunan lissafi ba sa haƙuri da ita, tana iya kashe su.

Akwai darasin da masu wannan sha'awa suka ɗauka daga gidan tarihin kwamfuta da ke Mountain View a jihar Kaliforniya. A 2004 aka kai can wata IBM 1401 daga Jamus, wadda aka ƙera a 1964, ta kuma shafe shekaru 27 ajiye a gareji a garin Hamm. Irin wannan kwamfuta, da aka fara shelarta a 1959, an ƙera fiye da guda 10 000 nata, kuma na'urar ɗab'inta tana buga layi 600 a minti. Gidan tarihin yana da wuta mai layi uku, amma duk da haka baƙuwar ba ta iya shan ta ba, domin wutar Amurka sau 60 take bugawa a sakan, ita kuwa an yi ta ne don mai bugu 50. Da an ba ta wutar wurin, da injunanta sun ƙara gudu da kashi ɗaya cikin biyar, taransifomominta masu daidaita ƙarfi kuma, waɗanda aka auna bisa bugu 50, da sun kauce. Sai da aka samo mata na'urar sauya bugu, sannan tsofaffin injiniyoyi ƴan sa kai suka shafe shekaru suna kankare tsatsa da sauya taransistocin da suka lalace. Abin lura shi ne, wutar da wannan na'ura ke nema, bolt 380 mai bugu 50, ita ce ke juya injunan niƙa da na kafintoci a biranen Nijar.

Dattijon ya yanke shawarar raba baƙuwarsa gida biyu. Akwatunan lissafin ya ba kowane igiyarsa da wayar komawarsa da abin katse wutarsa, ya kuma kira ƙwararren mai gyaran wuta ya duba aikin kafin a jona, duk da cewa shi kansa ya fi shekara 30 a cikin wayoyi. Ya haƙura da kunna akwati na uku, domin wutar gidan ba za ta ɗauke su duka ba. Injin faifan kuwa ya cire shi daga sauran sassan na'urar ta fuskar wuta. A jikinsa akwai ɗan allo da aka rubuta 220/380, ma'ana za a iya sauya ɗaurin naɗinsa daga siffar tauraro zuwa siffar alwatika don ya yi aiki da ƙaramin ƙarfin. Ya sauya, ya ba shi akwatin zamanin nan shi kaɗai, ya tsayar da shi a kan bugu 50 daidai. Wannan ya zo da wata riba: irin wannan inji yakan zuƙi wuta ninki biyar zuwa bakwai a lokacin tashi in an sake masa ita gaba ɗaya, amma akwatin yana tayar da shi a hankali, fitilun gidan ba su ko ƙifta ba.

Saura hanyar juyi. Kawunan da ke karanta faifai ba sa taɓa shi, suna shawagi ne a kan siririyar iskar da juyin ke haifarwa, tazarar da ba ta kai kaurin gashi ba. In juyin ya saɓa ko ya yi rauni, kan yakan faɗa wa faifan ya kankare abin da ke kai, kuma ba a dawo da shi. Saboda haka ya fara gwada jerin wayoyin da wani tsohon injin famfo, sannan ya gwada injin faifan ba faifai a ciki, ya tabbatar yana bin kibiyar da aka zana. Tsofaffin kondansatocin kuma, waɗanda dogon zama ke raunana su, ya shafe kwanaki yana ɗaga musu wuta kaɗan-kaɗan har suka farfaɗo. Watanni bakwai suka wuce tsakanin saukar na'urar da daren da ya ɗora faifai na farko, kuma wanda ya zaɓa shi ne mafi ƙarancin daraja a cikinsu. Ya tsaya da hannunsa a kan makunni, matarsa tana bakin ƙofa da abin kashe gobara. Faifan ya ɗauki gudu, kawunan suka shiga, allon ya nuna jerin sunayen ayyuka, a cikinsu har da wanda ɗaya daga cikin mamatan ya sa wa sunan ƴarsa.

Matar ce ta yi masa tambayar da ta fi kowace nauyi. Ta ce ta ji ana iya kwaikwayon waɗannan tsofaffin na'urori a cikin ƙaramar kwamfutar tebur, to me ya sa wannan wahala? Gaskiya ta faɗa: manhajar SIMH, wadda Bob Supnik ya fara a 1993, tana kwaikwayon kwamfutoci da dama na wancan zamani. Amma mai kwaikwayo ba ya ƙago abin da ba a ba shi ba. Sai an fara karanto abin da ke kan faifan, kuma ba mai karanto shi sai tsohon injin. Dattijon ya san ma cewa garejinsa ba mafaka ce ta har abada ba. Gidan tarihin da Paul Allen ya kafa a Seattle, inda ake barin baƙi su taɓa tsofaffin kwamfutoci suna aiki, ya rufe a 2020, kuma a 2024 aka yi gwanjon wasu daga cikin kayansa. In abin da attajiri ya kafa ya watse bayan rasuwarsa, ina ga na mai fansho? Don haka bai tayar da na'urar don kallo ba: kowane dare faifai ɗaya yake karantawa, yana kwafe shi zuwa ma'ajiyar zamani har wuri uku.

Malamai da ƙungiyoyin al'adu na ƙasar Hausa ba su da irin wannan kwamfuta a ɗakunansu, amma suna da irin wannan matsala. Cibiyar CELHTO da ke Yamai, wadda asalinta ya faro a 1968, an kafa ta ne domin tattara al'adun baka, kuma wani babban kashi na abin da aka naɗa a wancan zamani a kan zaren maganaɗisu aka naɗe shi. A makarantu da gidajen rediyo da akwatunan ƴan wasan kwaikwayo akwai kaset-kaset na waƙoƙi, da tatsuniyoyi, da hirarraki da tsofaffin da suka tafi. Akwai kuma ƙananan faya-fayan kwamfuta na shekarun 1990 masu ɗauke da kundayen ɗalibai. A 2019 hukumar UNESCO tare da ƙungiyar masu adana sauti ta duniya sun yi gargaɗi cewa na'urorin sauraren irin wannan zare suna ƙarewa, kayan gyaransu ma an daina ƙerawa. Har batun bugun wuta ya shafe su: rikodar tebur da aka yi don wuta mai bugu 60, in injinta na bin bugun wuta ne, za ta rage gudu da kashi ɗaya cikin shida a kan mai bugu 50, muryar mawaƙi ta yi kauri, kiɗan ya ja ƙafa, mai saurare kuma ya ɗauka haka aka rera. Wanda ya adana kaset ya jefar da rikoda, rabin amana ya riƙe. Tsohon mai gyaran rediyo da ke bakin kasuwa, wanda ya san bel da kan karatu, yana cikin masu tsaron tarihi ko da ba a taɓa gayyatarsa taro ba.

Dattijon ya gama kwafe faya-fayansa a cikin hunturu guda, ban da biyu da suka riga suka lalace. Ya aika wa iyalan abokansa nasu kason. Sannan ya ɗauki littafi ya rubuta da hannu duk abin da ya sauya a jikin na'urar, wace waya ya cire, ina ya mayar da ita, da yadda za a koma tsarin asali in wata rana ta sami gidan da ke da layuka uku. Ya sa littafin a leda ya ɗaure shi a cikin ƙofar akwatin farko, inda duk wanda ya gaje ta zai fara buɗewa. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana, amma sai an san tulun da aka zuba ta, an kuma bar wa na baya bayanin yadda ake buɗe shi. Allah ya sa a dace.